Zan Je In Gaida Ramuka

Na ɗaure gorar ruwa a bayan sirdi,
na buga wa tayar gaba iska.
Lantana ta ce, "Ina zuwa da sassafe haka?"
Na ce, "Zan je in gaida ramuka."
Ta yi tsaki, ta cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu.

In ka bar Daura, ka saki kwalta ka yi gabas,
akwai hanyar da tifa ta kashe da ƙafarta.
Mota ta yi fushi da ita shekara goma sha,
babur ma sai ya yi shawara.
Yanzu daga jaki sai ni,
sai sawun ƙadangare da ya riga mu wucewa.
Ba oda, ba hayaƙi, ba mai zagin uwar wani.
Sarƙata kaɗai ke magana,
ƙiris, ƙiris, kamar tsohuwa na jan carbi.

Ramin farko, nan muka fara.
Marmara ja, kwanon sarki a ka,
a cika tifa kafin azahar ko a rasa na tuwo.
Yau bado ya shimfiɗa tabarmarsa a kai,
zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya
daidai inda ɗan kwangila ke tsayawa da littafi.
Shi ma ƙirga yake yi, amma ba ya zaftare wa kowa.

Na taka, na gangara, birkina na kuka.
Bagaruwa ta fito inda muke jibge dutse,
ba wanda ya shuka ta.
Wasu yara uku da fatsa
suka ce, "Baba, tafkin nan tun kaka da kakanni yake."
Na yi dariya har keke ya karkace.
Yaro, kakan nan ga shi a gabanka,
da digata na haƙa wa tarwaɗarku ɗaki.

Na uku ban cika son tsayawa ba.
Nan gaɓa ta rufto wa Nalado ran wata Laraba,
da rabin goro a kuncinsa.
Mun tone da hannu har farce ya fita.
Ruwan wurin ya fi na ko'ina kwanciya,
kore shar, ko iska ba ta taɓa shi sosai.
Na jingine keke a jikin kurna,
na yi masa Ƙulhuwallahu uku,
kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya,
sai ka ce su aka yi wa sallama.

Tsakanin na huɗu da na biyar ƙaya ta huda ni.
Na cire tif, na tsoma shi a tafki,
kumfa ta nuna mini inda ciwon yake.
Ramin da ya ci mini ƙarfin baya
yau shi ke taya ni faci.

Wani Ilu ya kafa lambu a gefen na shida,
albasa, tumatir, da ɗan yalo.
Ya ba ni uku, ya ƙi karɓar ko sisi.
Ya ce ƙasar nan an yashe ta, amma ba ta yi zuciya ba.
Ban ce masa da ni aka yashe ta ba,
na dai ci yalon, da ɗacinsa da komai.

Da la'asar na juyo, rana a goshina,
gwiwa na ƙara, feda na ƙara,
ban san wadda ta fi son mai ba.
Ruwa bakwai na bari a baya,
kowanne da sararin sama kwance a cikinsa.

Lantana na bakin zaure.
"To, sun amsa gaisuwar?"
Na ce, "Shida sun amsa."
Ta dubi laka a ƙafar wandona,
ta shiga ta ɗora ruwan zafi.